Tsohuwar BMW a zafin Kano

Duk wanda ya riƙe BMW E46 ƙirar 2003 a Kano ya san cewa watan Afrilu ne ke gwada lafiyar mota. Injin tawa, mai silinda shida a jere, har yanzu da ƙarfinsa, amma robobin hanyar ruwa sun tsufa, shi ya sa kafin zafin bana na sauya lagireto da famfon ruwa da kayan da na zaɓo a Ƙofar Ruwa. Bakanikena ya nace sai an canja bushin ƙafafun gaba kafin a yi zancen sababbin tayoyi, kuma ya yi gaskiya, domin sitiyarin ya daina rawa idan na taka birki a titin Zariya. Fenti kuwa sai bayan damina.