Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Allura ta Raba Kan Gidan Mama

Makon jiya na tsaya a inda aka dakatar da Umra cikin Maris na 2020, muka shiga zaman kulle a Jidda, ni da tsohuwar da nake jinya, wadda duk gidan ke kira Mama. Yau maganar allura ce.

Ranar 17 ga Disambar 2020 aka fara rigakafin korona a Saudiyya. Ministan lafiya na lokacin, Tawfiq al-Rabiah, yana cikin na farko, bayan mako guda Yarima Muhammad bin Salman ya miƙa damtse, a Janairu kuma aka nuno Sarki Salman. Kyauta ce ga ɗan ƙasa da mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama. Duk da haka gidanmu rabuwa ya yi. Babban ɗan Mama bai ɓata lokaci ba ya yi rajista a manhajar Sehhaty, ya sa har da sunana. Mama kuwa ta kafe, ga ciwon suga ga hawan jini, amsarta ɗaya ce: rayuka a hannun Allah suke.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce matar ƙaramin ɗan. Da iliminta na jami'a, amma Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna, kullum kuma ƙawaye na turo mata saƙon murya a WhatsApp cewa allurar tana kashe mahaifa. Wata rana a kicin ta riƙe hannuna ta ce, "Khala, ke da kika ga duniya, in na yi ta na rasa haihuwa, wa zai tsaya min?" Jikina ya yi sanyi, domin na san maganar nan tun daga gida. Ita ce ta tsayar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, har ta kai ana ɗiga wa alhazanmu, dattawa da furfurarsu, maganin a filin jirgin Jidda. Na ba ta labarin yaran unguwarmu da suka tashi suna jan ƙafa. Ta saurara, ba ta ce komai ba.

Azumin 2021 ne ya sauko da Mama. Babban Muftin Saudiyya na lokacin, Shaikh Abdul'aziz Al al-Shaikh, ya ce allurar ba ta karya azumi, hukuma kuma ta sanar cewa izinin Umra da salla a Harami sai mai kariya daga cutar. Matar da ta saba yin goman ƙarshe a Makka tun tana budurwa! Da kanta ta kira ɗanta ta ce ya nemo mata rana. Ni na tura kekenta zuwa cibiyar, aka yi mata, kwana biyu hannun na ciwo, shi ke nan.

Surukarta sai da doka ta matse. Daga 1 ga Agustan 2021 aka ce ba shiga kasuwar zamani, ba ofis, ba motar haya, sai ka nuna shaidar rigakafinka a manhajar gwamnati ta Tawakkalna. Ta je, ta dawo ta rufe ɗaki. Har yau abin yana damuna: an yi mata allura, amma ba a samu likita mace ɗaya da ta zaunar da ita ta amsa tambayarta ba. Mijinta ma tsawa ya iya.

A tsakiyar wannan ne wata 'yar garinmu ta kira ni cikin dare. Takari ce, ba ta da iƙama, rajistar kuma lamba take nema, gidan da take aiki sun ce ko ta kawo shaida ko ta kwashe kayanta. Yadda muka yi da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.