Daga Kan Dala Zuwa Karofin Ƙofar Mata

Asabar, bayan sallar isha'i.

'Ya'yan Yaya da suka zo mana hutu daga Kaduna, mace da namiji, sun yi barci tun kafin a kwashe tuwo. Ni kuwa ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da muka gani yau tun ban manta komai ba. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki, maƙwabcin Kawu a Mandawari, shi ya yarda ya zaga da mu cikin birnin Kano. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, muka je ƙofar gidansa da sanyin safiya, ya fito da sandarsa da carbi a hannu.

Ya ce a fara da Dala kafin rana ta yi zafi. Yaran suka haye matakala da gudu, ni da Malam muna biye a hankali, yana tsayawa yana maida numfashi. A sama akwai hazo, amma bai hana mu ganin Goron Dutse ta yamma ba, ga kuma koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa biyu, ga rufin kwano iya ganin ido. Malam ya duƙa ya ɗebi jar tsakuwa ya zuba wa yaron a tafi, ya ce, "Riƙe wannan. Abin da ya fara tara mutane a nan ke nan." Ya ce tama ce ta jawo maƙera gindin dutsen, kuma masu bincike sun gano ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Daga nan ya ba su labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda aka ƙirga sarautarsa daga shekarar 999.

Yarinyar ta ce, "Baba, to su ba sa salla ne?"

Ya ce, "A lokacin tukuna, 'yata. Sai zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya shiga fada."

Na ji daɗin yadda ya amsa. Bai ɓoye musu cewa kakanninmu sun yi bauta a kan wannan dutse ba, bai kuma zage su ba. Ya faɗi yadda abin yake, ya bar yaran su gode wa Allah da kansu. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne gindin dutsen: gidaje sun matse shi ta ko'ina, zaizayar ruwa ta yi kwari a gefensa, ga ledoji sun maƙale a kowane rami.

Da muka sauko sai ya sa direba ya fitar da mu ta Ƙofar Kabuga, muka biyo titin tsohuwar Jami'ar Bayero, badala na hannun hagunmu. Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, yana kiran sunayen ƙofofin, yaran suna maimaitawa. A wani wuri ya ce a tsaya. Muka sauka muka tsaya gaban wani tudun jar ƙasa da awaki ke hawa.

A nan zuciyata ta sosu ƙwarai. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar nan, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Lokacin da Turawa suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, ga rami a bayanta. A cikinta har gonaki aka bari, don ko abokan gaba sun yi wa gari zobe kada yunwa ta ci mutane. Yau kuwa ta zama kamar malmalar tuwon da aka gutsura ta kowane gefe. Malam ya ce ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A dā idan damina ta wuce sai a yi gayya, kowace unguwa ta san yankin da za ta gyara. Da yaƙi ya ƙare sai gayyar ta mutu, ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasar gini suka ci nasu, masu yanka filaye da gina shaguna suka ƙarasa. Ya nuna mana inda wani kududdufi yake a dā, yanzu an cike shi an yi gini. Ya ce daga irin waɗannan ramuka aka haƙi ƙasar ginin birni, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Wanda ya cike su bai hana ruwa zuwa ba, sai dai ya tura shi cikin ɗakunan talakawa. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwalfar ruwa a watan Agusta ya san gaskiya ya faɗa.

An sake gina wasu ƙofofin da siminti an faɗaɗa su saboda motoci. Na san gari dole ya wuce da harkarsa, amma a ganina ƙofa ba ta da ma'ana idan babu bangon da take buɗewa.

Daga nan muka shiga Gidan Makama, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Da shigarka zaure za ka ji sanyi ya ratsa ka, alhali ba fanka ba na'ura, kaurin bango ne kawai da tsayin rufin azara. Yaron ya tsaya cak gaban tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, wadda ta nan sojojin Ingila suka kutso a watan Fabrairun 1903. Malam ya ce a ranar Sarki Alu yana Sakkwato, Sarkin Shanu ne aka bar wa gari, ya tsaya ya kare fada har aka kashe shi. Yaron ya shafa ƙarfen, bai ce komai ba. Ita kuwa yarinyar ɗakin amarya ne ya ɗauke mata hankali, jeren ƙwarya da tasoshi, ta yi ta tambayata ko haka aka yi wa kakarsu. Fada daga waje muka gani, muka tsaya daura da Ƙofar Kudu muna kallon dogarai da jajayen rigunansu. Rumfa ne ya gina fadar, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya zauna a Kano har ya rubuta masa littafin nasiha kan yadda ake riƙon jama'a.

Muka yi azahar a Babban Masallaci, sannan muka gangara Kurmi, wadda ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Malam ya shige gaba cikin lunguna, ana ta gaishe shi, "Allah ya gafarta Malam," don da yawa daga masu rumfunan ɗalibansa ne. Muka bi ta wajen masu turare, masu littattafai, masu kayan doki, har muka iso wurin dukawa. Wani ya shimfiɗa mana jar fatar akuya mai laushi. Malam ya ce irinta fatake ke ɗora wa raƙuma su bi ta Agadas da Gat da Gadamus har Turabulus, wasu kuma su nufi Gwanja da tufafi su dawo da goro. Na saya wa yaran takalma, muka zauna muka ci gurasa bandashe, ƙuli-ƙuli ya ji, man gyaɗa ya ji.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai duk yinin nan shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda aka kafa tun 1498. Warin baba, ganyen da ake rini da shi, ne ke fara tarbarka tun daga bakin ƙofa. Fili ne cike da ramuka a jere, amma waɗanda ke da ruwa a ciki ba su da yawa. Sauran sun bushe, wasu ƙasa da shara sun cike su. Wani tsoho yana zaune a bakin raminsa, hannayensa sun rine har gwiwar hannu, farcensa baƙi-ƙirin. Muka gaisa, ya ce, "Hajiya, matso da yaran su gani da kyau."

Ya yi musu bayani a tsanake. Ramin ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Ana zuba ruwa da toka da katsi da baba, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda har kumfa ta taso. Da ido da hanci marini ke gane ya nuna. Ya ɗauko farin ƙyalle ya tsoma, ya matse, ya ɗaga. Ya fito kore shar. Yaran suna kallo, iska na bugunsa, ya rikiɗe ya koma shuɗi a gabansu. Yarinyar ta yi salati. Tsohon ya yi murmushi ya sake tsomawa, ya ce haka za a yi ta yi, tsomawa da ɗagawa, gwargwadon duhun da mai kaya ke so. Zanen da ke jiki kuwa mata ne ke ƙulla shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo, sai an rina an warware ƙullin sannan adon ya bayyana. Ashe ramin nan guda yana ciyar da gidaje da dama: mai noman baba, mai ƙulli, marini, da mabugan da muka ji ƙarar gudumarsu a ɗakin gefe, suna dukan yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli.

Na tambaye shi, "Baba, ina masu gado?"

Ya ce, "Suna nan, Hajiya, amma ciniki ne ke riƙe yaro a sana'a. Yadin waje ya cika Kantin Kwari, ga araha. Baƙin da ke zuwa daga ƙasashe sun ragu. Yaro zai zauna ya ga ubansa ya yini bai sayar da zane biyu ba, ya za a yi ka hana shi neman babur?"

Ba ƙorafi yake yi ba, bayani yake yi, shi ya sa maganar ta shige ni. Badala sai hukuma da masu hali, amma wannan ramin cinikinmu kawai yake jira. Mu matan garin nan kowane wata da bikin da za a fitar da anko, a kwashi kuɗi a kai wa masu shigo da atamfa, ga kuma sana'ar da ta haura shekara 500 a bayan gidanmu tana neman mai saye. Na zaɓi zane biyu, ban nemi ragi ba. Tsohon ya ba yarinyar ɗan ƙyalle ya ce ta tsoma da hannunta, ta tsoma, yanzu haka da shuɗin yatsu ta kwanta, ta ce kada a wanke mata sai babanta ya gani.

La'asar ta yi, Malam ya gaji, amma ya nace sai mun leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ba mu daɗe ba, muka kalli zanen bango da zankwaye, muka juyo. Da muka sauke shi a gida na miƙa masa ɗan abin goro, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Bayan magariba na tura hoton zanen a zauren WhatsApp na matan gidanmu, na ce bikin autarmu da ke tafe bayan salla me zai hana a yi ankon kamu da rinin Ƙofar Mata. Wasu sun ce suna tsoron zuba, na ce tsohon ya gaya mini a fara wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Gwaggo Babba ta ce ta amince in dai za a gama a kan lokaci. Jibi Litinin in Allah ya kai mu zan koma karofi da ita, mu ji nawa za su yi mana turmi, da kuma sati nawa masu ƙulli za su buƙata.