Kafin ka kwashi iyali zuwa Masai Mara

A watan Agustan 2024 na kwashi uwargida da yara uku da Hajiyarmu muka tafi gandun dajin Masai Mara a Kenya kallon namun daji. Wata shida ina kallon bidiyon zakuna a YouTube, na haddace lokacin da garken nyumbu, wata dabba mai ƙirar saniya da gemu, sama da miliyan ɗaya ke tasowa daga Serengeti ta Tanzaniya su tsallake kogin Mara. Dabbobin na yi wa shiri. Mutane shida da za su wuni cikin mota ɗaya kuwa ko tunaninsu ban yi ba. Ƙannena masu sabon gida da 'yan kuɗin hutu a hannu, ku saurara.

Tun a kan kuɗi na fara tuntuɓe. Na ga farashi mai araha wajen wani kamfanin yawon buɗe ido, na biya ban karanta ƙananan rubutun ba. Sai a ƙofar shiga gandun ta Sekenani direba ya juyo ya ce a kawo kuɗin shiga. A shekarar ne aka mai da shi dala 200 kan kowane babba baƙon ƙasar daga Yuli zuwa Disamba, kuma na yini ɗaya ne. Manya uku, kwana biyu, dala 1,200 ke nan, ban da na yara. Uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, ashe arahar ke nan?" Ban tanka ba. Kafin ka tura ko sisi, a rubuto maka ko kuɗin shiga na ciki, kuma masaukin cikin gandun yake ko bayan ƙofa.

Sai hanya. Daga Nairobi ana gangarawa babban kwarin da ake kira Rift Valley ta garin Mai Mahiu, a bi ta Narok, awa biyar zuwa shida. Cikin gandun babu kwalta, sai turɓaya da gargada. Hajiya na da ciwon baya, na sani, amma na ce ai za ta daure. Ta daure ɗin, irin dauriyar iyaye mata, ba ta ce uffan ba, sai da dare na ji tana neman man zafi. Akwai ƙananan jirage daga filin jirgin Wilson na Nairobi da ke kai mutum cikin ƙasa da awa ɗaya, kaya kilo 15 a jaka mai laushi. Da kujera biyu na saya, ita da jikarta, da na huta da kunyar da har yau nake ji.

Sanyi kuwa ya ba mu mamaki. Mu da muka baro damina a Kano, wa zai ce mana Agusta lokacin sanyinsu ne? Wurin tudu ne, ya haura mita 1,500, kuma ƙarfe shida na safe ake fita, rufin mota a ɗage. Auta na karkarwa cikin 'yar shadda, sai mayafin Masai mai jan zane muka saya a bakin ƙofa muka naɗe shi kamar jariri.

Babban wautata ita ce ranar kogi. Na matsa wa direba sai mun ga tsallakawar nan. Ya ce, "pole pole," wato a hankali, dabba ba ta da agogo. Na ƙi ji. Muka tsaya bakin gaɓa, motoci sun yi layi kamar gidan mai, nyumbu sun taru a ƙetare suna kai gwauro suna kai mari. Ɗaya ya sauko ya shinshina ruwa ya koma, sauran suka bi shi. Awa uku muna nan. Dorina na huci a ƙasa, kada ya shanya baki a kan yashi, ni kuwa idona na kan abin da bai faru ba. Auta ya ce fitsari, ga doka ta hana sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Gorar ruwa ce ta fitar da mu. Babbar 'yar ta yi barci, na tsakiya ya koma wasa a waya, nyumbu kuma ba su tsallaka ba. Yaro ɗan shekara shida awa biyu yake iya kallo da marmari, daga nan giwa da kututture duk ɗaya ne a wurinsa.

Wani abin ma na dariya ne. Daren farko na shimfiɗa dadduma na fuskanci gabas yadda na saba. Wani ma'aikacin masaukin, Musulmi daga bakin teku, ya yi min sallama ya juya ni. Daga can alƙibla kusan arewa take. Ka duba ta a waya, ka kuma shirya yin ƙasaru da haɗa salloli, don azahar za ta same ka tsakiyar bauna. Abinci ma ka faɗa musu tun kafin ka iso, domin teburin karin kumallo ba ya rasa naman alade.

Da zan sake, Yankari zan fara kai su kwana biyu in ga wa ke jure mota, wa ke son ruwan Wikki kawai. Sannan a Mara fita ɗaya da asuba, a dawo kafin rana ta take, yamma kuma wanda ya ga dama.

A safiyar ƙarshe Hajiya ta ce ba inda za ta. Muka bar ta a ƙofar tanti da shayi da carbi, muka fita neman damisa, ba mu same ta ba. Da muka dawo ta ce raƙuman dawa huɗu sun zo cin ganyen ƙaya dab da shinge, ta kai rabin awa tana kallonsu. A mota na ji tana ba auta labarin yadda suke ware ƙafafun gaba kafin su sunkuya.