Wasiƙa daga Jamus: abin da na gani a ƙirjin kaza

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni ma lafiya lau, sai sanyin nan da ba ya jin rarrashi.

Masu tambayar me nake karantawa, ga amsa: naman kaji nake niƙawa. Kar ku yi dariya tukuna.

A jikin kaza, har da namu, akwai wani sinadarin enzayim da ake kira LDH, mai aiki wajen ƙona sukari don a samu ƙarfi. Aikinsa ɗaya, amma ba kala ɗaya ba ne. Gutsure huɗu ne ke haɗuwa su gina shi, kowane gutsure ko dai H ne (daga heart, wato zuciya) ko M (daga muscle, wato tsoka), shi ya sa ake samun iri biyar. In na ɗebi ruwan zuciya da na tsokar ƙirji na ɗiga a wani abu mai kama da daskararren koko, na sakar masa lantarki, sai kowane iri ya ja layinsa daban. Zuciya kusan duk H ce. Ƙirji kuwa M zalla.

Ku tuna yadda kaza ke yi in an bi ta za a yanka wa baƙo. Fir, ta haye katanga, shi ke nan ta gaji. Ƙirjinta na aikin gaggawa ne, yana ƙona sukari ba ya jiran isasshiyar iskar oksijin, kuma M ne ya dace da wannan. Zuciya ba ta hutu, ita da iska take tafiya, tana ma iya mai da laktet, wato ragowar sukarin da tsoka ta zubar, ya zama abincinta.

A farkon shekarun 1960 Nathan Kaplan da abokan aikinsa a Jami'ar Brandeis ta Amurka suka gwada tsuntsaye iri-iri, suka ga masu dogon tashi sun fi H a ƙirji. Masu kiwon tattabaru sun san ƙirjin tattabara, mai dogon tashi, ja ne, ba fari irin na kaza ba, kodayake launin daga mayoglobin, sinadarin da ke riƙe iskar oksijin a tsoka, yake fitowa, ba daga LDH ba.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗan tsako. Yana cikin ƙwai ƙirjinsa H ne ya fi yawa, sai dab da ƙyanƙyasa, a kwana na 21, M ke karɓe wurin. Bai taɓa ganin shaho ba, amma an shirya masa tsokar gudu.

Mako mai zuwa ƙundu zan gwada. A gaishe mini da kowa da kowa.

Naku, ɗalibi a Jamus.