Godiyata ga waɗanda suka tsaya mini a ciwon damuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. A makon nan likitar da nake zama da ita ta ce mun kammala, sai dai in riƙa leƙawa jefi-jefi a ga yadda nake. Na shawarci maigidana kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta da sunan Allah, ba abin ɓoyo ba ne. Ciwon damuwa na yi bayan haihuwar ɗana na biyu, kuma akwai mutanen da suke bi na bashin godiya.

An yi suna lafiya, aka watse, ni kuma na soma zama wata daban. Yaro ya yi barci, ni idona biyu har kiran assalatu. Kunun kanwa da gasasshen naman da aka tanadar wa mai jego, duk ba na jin ɗanɗanonsu. In zauna kawai hawaye su zubo, a tambaye ni dalili in rasa. Kowa ya ce gajiyar jego ce, kuma gaskiya ne mata da yawa suna jin irin wannan a kwanakin farko, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Nawa bai wuce ba. Aka yi arba'in, na dawo ɗakina, abin sai gaba yake yi. Keken ɗinkina da nake ci nake sha da shi, ko rufinsa na kasa ɗagawa.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar jinyar da ke wurin rigakafin yara a unguwarmu. Layi ya yi tsawo ranar, amma bayan ta auna yaron sai ta dube ni ta ce, "Maman yaro, shi kam lafiyarsa ƙalau. Ke fa, kina samun barci kuwa?" Tun da na haihu babu wanda ya yi mini wannan tambayar yana jiran amsa. Ta ja ni gefe, ta saurare ni, ta ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Sista, Allah Ya biya miki bukatunki na duniya da lahira.

Mutanen Kaduna, kun san abin da ake faɗa idan aka ji an kai mutum can. Ni ma gabana ya faɗi. Yayata ce ta zo har gida ta ce, "Ɗauko mayafinki, ni zan goya yaron." Muka tsallaka gada tare. Abin da na tarar shi ne mutane irina zaune a kan benci suna jiran a kira su: ɗalibai, dattawa, ma'aikata, wata ma da jaririnta a baya. Yaya, ba ni da bakin gode miki.

Likitan farko ya yi mini tambayoyi dalla-dalla, ya sa aka auna jinina don a tabbatar ba ƙarancin jini ne ke kawo kasalar ba. Ya ce idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka riƙe mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci da cin abinci da jin cewa ba shi da amfani, to ciwo ne mai suna da magani. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum sama da miliyan 280 ne ke fama da shi, ya fi kama mata, kuma fiye da mace 1 cikin 10 na samun sa a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Ya rubuta mini magani da la'akari da cewa ina shayarwa, ya gargaɗe ni cewa sai an yi makonni kafin in ji aikinsa, kuma kada in daina da kaina don na ji sauƙi. Sannan ya haɗa ni da masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ita ce zan fi daɗewa a kanta.

Da farko ban ga abin da hira za ta yi mini ba, tunda nasiha na sha ta har na ƙoshi. Amma ita ba nasiha ta yi mini ba. Ta ce in sayi ƙaramin littafin rubutu, duk lokacin da zuciyata ta yi nauyi in rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo mini a take, da yadda na ji. Wata rana na rubuta: yaro ya yi kuka na kasa rarrashinsa, surukata ta karɓe shi ya yi shiru, ni ba uwar kirki ba ce. Ta karanta, ta ce, "Hajiya, mece ce shaidarki?" Na kawo. Ta ce, "To wa ya tashi da shi daren jiya? Wa ya kai shi rigakafi yana kan lokaci? Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan labarin, za ki ce mata ita ba uwar kirki ba ce?" Na yi shiru, don na san ba zan taɓa faɗa wa ƙanwata haka ba. A nan na soma gane cewa ciwon yana zaɓo mafi munin fassara ga komai, ni kuma ina karɓa kamar hukuncin alƙali. Ta ce wannan hanya ta bincikar tunani wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya tsara ta a shekarun 1960, bayan ya lura masu ciwon suna yi wa kansu da duniya da gobensu mummunan zato ba tare da sun ankara ba.

Abu na biyu da ta koya mini ya fi ba ni wuya. Ni jira nake in ji daɗi sannan in koma aiki. Ita ta ce a wannan ciwon akasin haka ake yi: a fara motsawa kaɗan, jin daɗin ya biyo baya. Aikin makon farko shi ne in buɗe keken in goge ƙura in sa masa mai, shi ke nan. Mako na gaba in kafa maɓalli a rigar makarantar babbar 'yata. Ina tuna yadda hannuna yake rawa ina neman kafar allura, da yadda yarinyar ta sa rigar tana juyi a tsakar gida. Akwai makonnin da na koma baya, ban yi komai ba, na je mata da littafi fayau. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba, sai mu rage aikin mu sake. Likita, Allah Ya yi wa zuri'arki albarka.

Ina godiya ga Malamarmu ta Islamiyya. Wasu, da kyakkyawar niyya, sun ce raunin imani ne, wasu suka ce iska ce ko sammu. Malama ta zo ta zauna kusa da ni, ta karanto mini hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, ta ce in riƙe azkar ɗina in kuma riƙe ranar asibitina. Wannan maganar ta sauke mini nauyi mai yawa, don abin da ya fi cin raina shi ne zaton cewa Ubangijina na fushi da ni.

Maigida, kai ka san abin da ka gani. Ka bar shago ka zauna a zaman da likita ta kira ka, ka koyi cewa "ki yi haƙuri mana" ba ta isa, ka karɓi renon dare don in samu barci. Allah Ya bar mu tare. Inna da surukata, da maƙwabciyata da ta riƙa turo tuwo ba tare da ta tambayi komai ba, na gode.

Ga duk wadda ta karanta ta ga kanta a ciki: tun watan Janairun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta haramta a wulaƙanta mutum saboda irin wannan jinya. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo ko ta rigakafi abin da kike ji. Idan har tunanin cutar da kanki ko jaririnki ya zo miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wani naki a tafi asibiti a ranar.

Masu kawo mini ɗinki da kuka yi ta haƙuri, da yaran shagona da suka riƙe wurin ba na nan, Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Na dawo aiki, kuma waɗanda atamfofinsu suka daɗe a wurina su zan fara sallama in sha Allahu.