In zaka je kallon wasan mota a Gusau

Duk yammacin sallah ko in an ɗaura auren wani abokinsu, zaka ga samari sun taru a fili da tsofaffin BMW da Marsandi ana wasan mota, ƙura na tashi yara na ihu. Ni ma ina son kallo wlh, amma yadda mutane ke tsayawa shi ke tada min hankali.

Motocin nan tayoyin baya ne ke turasu, shi yasa in direba ya murɗa sitiyari ya taka totur bayan motar ne ke wulwulawa waje, to kai da ka tsaya daidai bakin kwana kana ɗaukar bidiyo da waya, kai bayan zai fara samu. Ga taya in ta yi zafi ta fashe, roba da wayoyin ciki da tsakuwa fitowa suke da ƙarfi, ba ruwansu da wanda ya matso. Ka tsaya nesa, bayan katanga ko wani tudu, kuma dan Allah kar a saki hannun ƙanne.

Sai ladabi. Kar ka hau bonet ɗin mutum don hoto, kar ka buɗe ƙofa sai ya ce bismillah, salansa kuwa bayan wasa ƙona ƙafa take. In zaka saka hoto a Facebook ka rufe lambar motar.

In an kira magariba a watse, maƙwabta ma suna da haƙƙi. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, lambar 'yan rodi sefti 122 ce.