Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Baduku

A makon jiya na tsaya inda na shiga aji huɗu na sakandare, aka raba mana littafin Macbeth, wasan kwaikwayo na William Shakespeare, mutum uku kwafi ɗaya. Shafin farko ya kusa kore ni. Turanci ne, amma ba irin wanda muke ji a rediyo ba, kowane layi sai ka yi gumi kafin ya buɗe maka.

A lokacin akwai abin da nake ɓoyewa. Babana baduku ne. Idan ɗalibai suka tambaye ni sana'arsa sai in ce ɗan kasuwa ne, don na ga yadda ake yatsina fuska in an ambaci warin jima. Har yau wannan ƙaryar tana ci mini rai.

Wata Talata malaminmu ya rubuta 1564 zuwa 1616 a allo, wato shekarun haihuwa da mutuwar marubucin, ya ce kafin mu karanta mutum sai mun san gidansu. A Stratford aka haifi William Shakespeare, a Ingila, kuma mahaifinsa John safar hannu ta fata yake ɗinkawa. Sai Malam ya juyo da Hausa ya ce, "Wato dai baduku." Ajin ya ɗauki dariya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Ya ci gaba. Yaron bai shiga jami'a ba. Ya yi aure yana da shekara 18, ya tafi Landan ya shiga wasan kwaikwayo, ɗansa Hamnet ya rasu a 1596 yana ɗan shekara 11. Abin da ya fi tsaya mini shi ne bai tattara wasanninsa da kansa ba. Sai a 1623, shekara bakwai da mutuwarsa, abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka buga guda 36 wuri ɗaya. Rabinsu ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth ɗin da ke hannunmu. Ba don amanar mutum biyun nan ba, da wataƙila ya bi iska.

Malam ya ce Bature yakan kira kishi dodo mai koren ido ba tare da ya san daga wasan Shakespeare mai suna Othello ya aro ba, kamar yadda muke jefa karin magana ba mu tambayi wanda ya fara faɗa ba. A nan na fara gane Shakespeare. Harshe ya ɗauka kamar ɗanyar fata, ya jeme shi, ya yanka, ya ɗinka abin da jama'a suka sa har suka manta wanda ya ɗinka. Daga baya na sami wani wasansa, Daren Sha Biyu, fassarar Ibrahim Yaro Yahaya, na ji shi da Hausa, na ƙara yarda.

Da hutu ya zo na zauna a rumfar Baba, yana huda kube da basilla, jan rini ya kama masa farce. Na ce, "Baba, ashe babban marubucin Turawa ɗan baduku ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To shi ya koyi ɗinkin?"

Na ce ban sani ba. Ya miƙo mini basillar ya ce, "Kai ka koya."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da aka ɗora mini rawar Macduff a wasan Macbeth.